Garajen Korau da Fitilar Rijiya

Ƙarƙashin tsohuwar rijiyar Gangaren Marke akwai birni. Kowa a garin ya san da haka kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Mutanen birnin ba irinmu ba ne, kuma numfashinsu guba ne ga ɗan Adam. Tun zamanin kakanni akwai alkawari tsakanin na sama da na ƙasa. Duk wanda zai shiga ya yashe rijiyar, sai ya fara zura fitilar aci-balbal cikin ƙwarya, safiya uku a jere. In na ƙasa suka ga haske yana saukowa, sai su kwashe 'ya'yansu, su janye numfashinsu. Wuta ta dawo da ranta sau uku, a shiga. Ta mutu, a haƙura, ba ranar ba ce.

Shekara bakwai ke nan ba wanda ya zura fitilar, ba wanda ya yashe rijiyar. Ruwa ya koma kore yana wari. A damina guda yara goma sha ɗaya suka kwanta da amai da gudawa, aka binne biyu. Ɗaya cikin biyun 'yar Lantana ce, yayar wani saurayi da ake kira Korau, wanda bai daɗe da dawowa daga makarantar koyon aikin tsafta ba.

Kwana biyu da jana'izar, Korau ya sami dattawa a gindin marke, ya durƙusa gaban Mai-unguwa Barau.

"Ranka ya daɗe, ruwan nan ne ke kashe yaranmu. Na zuba shi a kwalba, na ga abin da ke yawo a ciki. A yashe rijiya."

Mai-unguwa ya ɓare goro, ya tsaya yana duban ɓarin biyu kamar a jikinsu aka rubuta amsa. "Za a duba."

"Ranka ya daɗe, tun ina aji biyu ake cewa za a duba."

"Kai Korau, ka cika garaje. Daga dawowarka sai ka juya gari?"

Wani tsoho da ke kishingiɗe a gefe ya ce, "Wannan ai ko ranar haihuwarsa bai jira ungozoma ba. Kafin ta sa takalmi ya faɗo."

Aka kwashe da dariya, aka ci gaba da hirar farashin taki.

Haka ake yi da kalmar nan a garuruwanmu, kuma abin yana ƙona mini rai. Ka ce a share kwata, garaje. Ka ce a kai mai naƙuda asibiti tun da sauran ƙarfinta, garaje. Kalma ce mai amfani, kakanninmu sun ajiye ta don wani ciwo na gaske, amma malalata suka ɗauke ta suka mai da ita murfin tukunya. Duk abin da ya fara tafasa sai a kife shi da ita, a koma barci.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyar Korau. Shi kaɗai ya rage cikin masu yasar rijiya na garin, ya tsufa, ƙirjinsa na ƙugi. Da yamma ya kira Korau zaurensa.

"Ni zan shiga," in ji shi. "Gobe mu zura fitila, jibi mu zura, gata mu zura. In ta amsa, a ranar zan sauka."

"Kwana uku, Kawu? Cikin kwana uku yaro nawa zai sha ruwan nan?"

"A tafasa kafin nan. Ba kai ka koya mana ba?"

"Wa zai tafasa? Sun ce itace ya yi tsada. Kawu, wannan fitilar ma ai wani za-a-duba ne, an dai kunna masa wuta."

Tsohon ya ce, "Ɗan nan, fitila tambaya ce. Ba a faɗa wa mutane gida ba sallama."

Korau ya ce to, amma da baki kawai.

Washegari da sassafe ya biyo ta gidan Lantana, ya tarar tana juye ruwan nan kore cikin randa, don babu wani. Kusa da randar ga ɗan kofin 'yarta a kife, ba wanda ya iya ɗauke shi. Korau ya juya ya fita. Ya wuce zauren Kawu, ya ɗauki igiya da magirbi da guga. Fitilar tana nan kan ƙofa, an zuba mata mai, an gyara lagwani. Ya gan ta, ya wuce ta. Ya ɗaura igiya a gungumen bakin rijiya, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya sauka.

Da ya yi zurfin gaba biyar, sanyi ya kama shi. Gaba goma, kansa ya yi nauyi, kunnensa ya ɗauki ƙara. Ya so ya hau, hannuwansa suka ƙi. Can sama ya ji muryar Kawu tana kiran sunansa, sannan ya ji igiya ta girgiza da nauyin mutum na biyu. Ya buɗe baki ya ce kada ya sauko, murya ba ta fita ba. Duhu ya rufe.

Ya farka kan farin yashi. Da ya ɗaga kai sai ya ga sama ruwa ce, shimfiɗe daga gabas zuwa yamma, kifaye na gilmawa cikinta kamar tsuntsaye. Gidajen birnin da duk abin da ya taɓa faɗawa rijiya aka gina su: tsoffin guga, fasassun tuluna, 'yan kunne, wuƙaƙe, takalma ƙafa ɗaya-ɗaya. Mutanen da suka kewaye shi dogaye ne sirara kamar taɓarya, idanunsu ba fatar rufewa, kowanne ya naɗe bakinsa da ƙyalle. Suka kama shi da yatsu masu sanyin laka, suka ja shi zuwa tsakiyar birni.

Nan wata mace ke zaune kan dutsen niƙa. Gashinta ruwa ne, yana zuba daga kanta ya bi ƙasa ya haura sama. A gabanta Kawu Nomau ke kwance rigingine, ƙirjinsa ba ya motsi.

Korau ya zube gabanta.

"Ya kai ɗan Adam," in ji ta, muryarta kamar guga ya taɓa ruwa daga nesa, "ni ce Magajiyar Idon Ruwa. Wace ƙofa ka ƙwanƙwasa kafin ka shigo mana?"

"Ranki ya daɗe, ban ƙwanƙwasa ba."

"Wane haske ka aiko?"

"Ban aiko ba."

"'Ya'yanmu na wasa a gindin rijiya ka faɗo kansu da magirbi. Dokarmu ɗaya ce: wanda ya shigo ba haske, numfashinsa namu ne. Mun miƙa hannu mu karɓi naka, wannan tsoho ya faɗo ya ce a ɗauki nasa. Mun ɗauka."

Ta buɗe tafinta. Ga fitilar aci-balbal irin ta zauren Kawu, da 'yar wuta a bakin lagwani. Wutar tana kumbura tana sacewa, tana kumbura tana sacewa, har da ɗan ƙugin nan na ƙirjin tsohon.

Tsoro ya kama Korau, amma zafin ransa bai mutu ba. "Ranki ya daɗe, mun binne yara biyu. Shekara bakwai manyanmu na zaune. Na ce a tashi, suka ce garaje. In ban shigo ba wa zai shigo?"

"Shekara bakwai mu ma muna ɗaga kai muna jiran haske, ruɓaɓɓen ruwa na ɗiga kan abincinmu. Laifin masu zama yana wuyansu, kuma akwai inda muke ajiye irinsu. Kai naka ake tambaya. Mene ne garaje a wurinku?"

"Kalma ce da tsofaffi ke jifan duk wanda ya miƙe."

Mutanen birnin suka yi wani sauti ta cikin ƙyallayensu, ba a san dariya ba ne ko kuka.

"To, za ka je ka gani da idonka," in ji Magajiya. "Dubi can." Ya duba. A tsakiyar wannan sama ta ruwa akwai ɗan rami zagayayye, fari-fari, bakin rijiya ke nan. "Za mu mai da gangar jikin tsohon gindin rijiya ta gajeriyar hanya. Kai baƙon da bai yi sallama ba ne, ta bayan gari za ka bi. In rana ta tsaya tsaka, haskenta zai sauko ya taɓa ƙasan rijiya. Ka riga shi isa da wutar nan a raye, ka sa ta a bakin kawunka, ku tafi. Wuta ta mutu, ko mai ya ƙare, ko rana ta riga ka, ya zama namu, kai kuma mu mai da kai sama da ranka, ka rayu kana tunawa."

Ta sa masa fitilar a hannu. Man da ke ciki bai fi cokali biyu ba.

Aka fitar da shi ta wata ƙaramar ƙofa, aka rufe.

Faƙo ne a gabansa, busasshe, ko'ina ramuka da ƙayoyi. Kafin ya yi taku goma ƙasa ta fara rawa. Wasu mutane ne suka ɓullo a guje, ɗaruruwa, kuma da suka matso sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Fuskokinsu ba idanu, ramuka ne biyu. Idanun suna can baya, suna jan ƙasa a bakin wasu dogayen jijiyoyi, gaba uku ko huɗu tsakaninsu da masu su. Jiki ya afka rami, ya karye, ya yi ihu, sai daga baya idanun su iso bakin ramin su leƙa su ga abin da ya faru, su zub da hawaye. Sannan jikin ya haɗu, ya fito, ya sake zabura.

Ɗaya ya yi karo da Korau, ya cafke rigarsa. "Wane ne? Bari idona ya iso."

"Bawan Allah, mene ne ya same ku?"

"Ni na ga maciji ya shiga rumbuna, na cinna wa rumbun wuta. Hatsin shekara biyu. Waccan ta ji an ce wai ƙanwarta ta zage ta, ta je ta watsa mata tafasasshen ruwa, ashe ba ita ba ce. Wancan ya ɗura wa ɗansa magani bai karanta kwalba ba. Kai fa, me ka yi? Kai, bar shi, ba lokaci! Gudu! Rana na hawa!"

Sauran suka ɗauka baki ɗaya: "Gudu! Gudu! Za ka makara!"

Korau ya ɗaga kai, ya ga bakin rijiya ya ƙara haske. Kafin ya yi shawara ƙafafunsa sun yanke masa. Ya ruga tare da su, iska na dukan fuskarsa, kuma har ga Allah ya ji daɗin gudun, don gudu ya fi tsoro sauƙi. Sai ya ji wani abu yana jan idanunsa ta ciki, suna nutsewa cikin ƙoƙon kansa, hanya na dushewa. Da ɗan ganin da ya rage masa ya dubi hannunsa. Wutar ta kwanta, ta koma shuɗiya, wani ɓangare nata ya tsinke ya bi iska. Abin da ya rage bai fi ƙwayar gero ba.

Ya dasa dugadugansa a ƙasa, ya durƙusa, ya yi wa fitilar rumfa da jikinsa. Masu gudu suka bi ta kansa, suna tattaka bayansa, jiƙaƙƙun idanunsu na goga wuyansa suna wucewa. Bai motsa ba. "Kawu," yake cewa a hankali, "Kawu, don Allah, Kawu." Can wutar ta ɗaga kai, ta kumbura, ta sace. Ta dawo, amma ba ta kai girmanta na farko ba.

Ya miƙe. Daga nan sai ya dubi inda zai sa ƙafa sannan ya sa. Haka ya ratsa faƙon, ana ihu ana faɗawa ramuka dama da hagunsa.

Faƙo ya ƙare a wani kwari mai inuwa. Manyan itatuwa, iska ba ta motsi, an shimfiɗa tabarmi, ga goro a faifai. Mutane na zazzaune cikin natsuwa, manya da matasa, suka tarbe shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, baƙo, sannu da hanya," in ji wani mai farin gemu. "Ka sha wuya wurin mahaukatan can. Zauna ka huta. Dubi wutarka, ai ta fi son nan."

Gaskiya ya faɗa. Wutar ta miƙe sak, ba ta ko kaɗawa. Bayan Korau na zogi. Ya zauna a bakin tabarma.

"Ina hanyar gindin rijiya, Baba?"

"Za a nuna maka. Bari rana ta ɗan yi sanyi."

"Kafin rana ta tsaya nake so in isa."

"Haba, komai da lokacinsa. Za a duba."

Maganar ta shige shi kamar ƙaya. Ya ƙara duban mai gemun da kyau. Mutumin ba ƙafafu gare shi ba, saiwoyi ne suka fito daga cinyoyinsa suka huda tabarma suka shige ƙasa. Na kusa da shi gara ta gina masa shuri har ƙirji, yana murmushi. Wani kuma kansa kaɗai ya rage a waje, bakin na ta motsi yana cewa a jira, a jira. A bayansu gidajensu ne ke ci da wuta a hankali, daga ciki ana jin kukan jarirai, kukan da ya gaji. Ba wanda ya waiwaya.

Korau ya dubi fitila. Wutar tana tsaye lafiya, amma man ya koma rabin cokali. Ya ɗaga kai. Hasken rana ya riga ya shigo bakin rijiya, ya fara gangarowa ta bango.

Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Wasu fararen saiwoyi sirara sun fito daga tafin ƙafarsa da ɗuwawunsa sun kama ƙasa, yana jin su suna tsotsa, suna ba shi wani sanyi mai daɗi da ke cewa ya bari sai an jima. Ya ajiye fitilar a gefe inda ba za ta girgiza ba, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya fizge. Ƙarar ta yi kamar an tuge gyaɗa daga busasshiyar ƙasa. Jini ya biyo. Ya ɗauki fitilar ya miƙe.

Fara'ar ta gushe daga fuskokinsu gaba ɗaya. "Garaje!" in ji mai gemu. Kwarin duka ya amsa, har kawunan da ke cikin shuri: "Garaje! Garaje! Yaro mai garaje!"

"Ku kira shi abin da kuka ga dama," in ji Korau. "Na duba mai, na duba rana. Ku kuma ku waiwaya ku duba gidajenku."

Ba wanda ya waiwaya. Ya bar su suna ihu, yana taka ƙasa da ƙafafu masu jini.

Ƙarshen kwarin wani kogo ne, matsattse, baƙi ƙirin. Ya shiga a sunkuye. Ya yi tafiya har ya daina jin ihunsu, sai ƙarar numfashinsa da ɗan ƙugin wutar. Sannan kogon ya buɗe, kuma can nesa, ƙetaren wani fili mai duhu, ya hango gindin rijiya. Ga igiya tana lilo. Ga hasken rana a bango, saura kamu ɗaya ya taɓa ƙasa.

Sai ya ji murya daga duhun da ke gabansa, kusa ƙwarai.

"Korau. Ɗan nan. Ga ni nan, sun jefar da ni a nan. Taku ɗaya ne. Yi sauri, ina mutuwa."

Muryar Kawu ce, ba ko shakka, har da yadda yake jan sunan. Hawaye suka zubo wa Korau. Ƙasar da ke gabansa ta yi sumul kamar daɓe. Ya ɗaga ƙafa.

Ƙafar tana sama ya tuna da fitilar da ya gani kan ƙofar zaure ya wuce. Ya mai da ƙafar inda take. Ya kwance guntun igiyar da ya rage a ƙugunsa, ya ɗaure fitilar, ya miƙa hannu, ya zura ta gaba a hankali.

"Me kake yi?" in ji muryar. "Ba lokaci! Ni ne kawunka!"

Haske ya sauka, ya ci gaba da sauka, inda ya zaci ƙasa ce. Ba ƙasa ba ce. Baki ne, buɗe, faɗinsa ya kai ɗaki. Haƙora jeri-jeri har inda haske ya ƙare, tsakankaninsu tsummokaran riguna da igiyoyin guga. A tsakiya wani jan harshe ne ke lanƙwasa yana fitar da muryar Kawu. Numfashin abin ya taso, wutar ta dusashe. Korau ya janye ta da sauri ya rungume.

Amma ya riga ya ga abin da yake buƙata. A hagu akwai wata 'yar gaɓa, faɗin tafin ƙafa, ta bi gefen bakin ta tsaya saura tsawon gaba guda a kai ƙetare. Ya ga inda take da santsi, ya ga inda ta tsage. Ya dubi rana: saura yatsa huɗu. Ya dubi mai: ya ƙare, lagwani ne ke cin kansa.

Ya cusa fitilar cikin rigarsa, ya manna ta da ƙirji don kada iska ta same ta, ya ji fatarsa tana ƙuna. Ya yi bisimilla, ya ruga. Bai taɓa gudu irin wannan ba. Harshen ya yi tsalle ya karce bayansa, haƙora suka haɗu da ƙara a ƙarƙashinsa, ya daka tsalle, ya faɗi da kafaɗa kan laka.

Kawu na kwance jikin bango. Korau ya ja jiki, ya ciro fitilar, ya buɗe bakin tsohon da yatsa, ya kusanta lagwani. 'Yar wutar ta rabu da lagwanin ta shige. A daidai nan rana ta faɗo kan ƙafafunsu.

Sannan ƙirjin tsohon ya ɗaga, ya yi tari, ya buɗe ido. Ya motsa leɓe zai yi magana, ba abin da ya fito sai iska.

"Abin da ya tsinke a faƙon masu gudu ba ya dawowa," in ji wata murya. Magajiya ce tsaye cikin bango, gashinta na zuba. "Muryarsa ce ta bi iska. Ya kai ɗan Adam, na tambaye ka ɗazu, ina sake tambaya. Mene ne garaje?"

Korau ya sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, shi ne jiki ya riga ido. Ba sauri ba ne. Yanzu na yi gudun da ban taɓa yi ba, amma sai da na duba. Da safe kuwa a hankali na sauko igiya, gaba-gaba, kuma shi ne garajen."

"Mun janye numfashinmu na ɗan lokaci. Ɗaure tsohonka. In za ku dawo, ku aiko haske." Ta nutse cikin bango.

Ya ɗaura igiya a ƙirjin Kawu, ya ɗaga kai ya ƙwala kira. Bakin rijiya cike yake da kawuna. Ya ji muryar Mai-unguwa: "Kada kowa ya taɓa igiyar nan tukuna. Wa ya san ko su ne ke magana? A jira a gani."

Sai muryar Lantana: "Baba Mai-unguwa, matsa mini."

"Ke Lantana, wannan ba aikin mata..."

"Na binne ɗaya cikin makon nan. Matsa, ko in ja har da kai. Ku mata, kama!"

Igiya ta miƙe. Matan da suka zo ɗiban ruwa ne suka fitar da Kawu, suka sake jefo ta suka fitar da Korau.

Washegari Kawu Nomau da kansa ya zura fitila, Korau na riƙe da ƙwarya. Ta dawo da ranta. Safiya ta biyu ma haka. A kwanakin nan Korau ya bi gida-gida da itace a ka, bai bar randa ɗaya ba a tafasa ruwanta ba. Safiya ta uku gari ya taru, dattawa suka jawo tabarminsu kusa don su ga yadda za ta kaya. Wuta ta fito tana ci.

Mai-unguwa ya dubi tsohon da ba ya iya amsa gaisuwa, ya girgiza kai. "To Korau, ka dai ga abin da garaje ya jawo."

"Na gani, ranka ya daɗe." Korau na ɗaura igiya a ƙugunsa, ƙunar ƙirjinsa a buɗe kowa na gani. "Shigata ba fitila garaje ne. Na amsa sunan, kuma zan riƙa jin sa duk ranar da Kawu ya buɗe baki ba a ji komai ba. Amma ranar da na durƙusa gabanku na ce a yashe rijiya, na riga na duba ruwan, na riga na ƙirga kaburbura. Wannan ba garaje ba ne, ku daina ɓata kalmar. Zaman shekara bakwai ma akwai inda ake ajiye masu shi, na biyo ta can." Ya ja ƙullin ya gwada shi. "An zura haske sau uku, an amsa. Wa zai riƙe mini igiya?"

Wani ya yi gyaran murya, wani ya duba goronsa.

Kawu Nomau ya sunkuya ya ɗauki igiyar. Lantana ta kama bayansa. Tsohon ya juya ya dubi masu tabarmi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga sauran igiyar ya miƙa musu, ya tsaya a haka. Ba shi da muryar da zai roƙe su, su kuma ba su da abin da za su ce masa ya jira.

Mai-unguwa Barau ya ajiye goronsa. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da ya rabu da tabarmar sai aka ji wata ƙara, kamar an tuge gyaɗa daga busasshiyar ƙasa. Mutane suka dubi juna, ba su san mene ne ba.

Korau ya sani. Ya jira har ya ga hannun Mai-unguwa ya kama igiya, ya leƙa rijiya ya yi sallama da ƙarfi, sannan ya sa ƙafa.